Dutsen Tokare Ƙofa

"Kafin masu haƙar zinariya su kafa garin nan, babu kowa a wannan kwari," in ji jagoran baƙi a cikin gidan tarihin garin, yana gyara hularsa ta mutanen da.

Kakata ta fizge hannunta daga nawa. Awa huɗu muka yi a mota daga birnin Melbon don ta ga tsaunukan da aka koro iyayenta daga cikinsu.

"Kai ɗan nan, maimaita!"

"Haka yake a rubuce, Iya."

"Uban wa ya rubuta?"

Na ce, "Kaka, mu tafi, ana kallonmu."

"Su kalla mana! Ba kallo ya kawo su ba?"

Ta dogara sandarta har bakin gidan tarihin, ta durƙusa, ta birkice dutsen da aka tokare ƙofa da shi. Cikinsa ya lotsa, ya yi sumul. Dutsen niƙa ne.

"Babu kowa ko? To aljanu ne suka yi niƙa a kansa?"

Ta yi kici-kicin ɗaga shi, ta kasa. Na sunkuya na ɗauka.

Ƙofar ta rufe garam, da jagoran da sauran baƙin a ciki.