Kwalekwalen da Bai Taɓa Ruwa Ba

Ƙarar zarto ce ke tarbar Shehu duk sa'ad da ya zo duba Ghali. Ɗakin yana ƙasan wani tsohon bene a bayan titin Guangyuan Xilu, a birnin Guangzhou na China, a da wurin ajiye kaya ne, mai faffaɗar ƙofar ƙarfe. Yanzu ko wurin miƙe ƙafa babu, kwalekwale ya cinye shi.

Shehu ejan ne mai tura kaya gida, yana da ɗan ofis a unguwar Xiaobei. Ghali kuwa ƙanen amininsa ne, ɗan Yawuri, tun kakanni gidansu sassaƙa jirgi suke yi. Sarin tufafi ne ya kawo shi Guangzhou. Wani da ya ce zai sabunta masa biza ya ɓace da fasfonsa, shi ke nan yaro ya maƙale shekara da shekaru, ba ya fita sai a sace. A gida kuma idon mahaifiyarsa na ta dusashewa, saƙonta kullum ɗaya ne: ya zo ta gan shi tun tana gani.

Babu shige da ficen da Shehu bai yi ba. Wannan ya ce a dawo gobe, wancan ya ce yaro ya miƙa kansa ga hukuma, ba wanda zai ce ga ranar da za a sake shi. Da abin ya gagara, sai ya koma kawo masa shinkafa da katakon tsofaffin akwatunan kaya, tunda shi ya roƙa.

Hannun Ghali bai manta gida ba. Ya lanƙwasa katako da ruwan zafi, ya toshe tsakaninsu da auduga da kwalta, ya kafa doguwar gora a tsakiya, ya ɗinka ƙyallen da zai kama iska. Gaban ya rufe shi da katako, ya zama dogon akwati mai 'yan huji a gefe, wai nan za a riƙa ajiye ƙyallen don kada ya yi fumfuna. Da farko Shehu murna ya yi, ko ba komai yaro ya daina zama yana kallon bango.

Ranar da ya hango jarkokin ruwa da buhun dabino a bayan ƙofa, murna ta koma ciki. Kogin garin ba shi da nisa, kuma teku yake zuba.

"Kai, Ghali, kalle ni nan. Kogi za ka jefa wannan abin?"

Ghali ya yi dariya, wadda aka daɗe ba a ji ba. "Haba Yaya! Wannan 'yar tasar ce za ta kai ni Legas? Ko kifi ya gan ni a ciki ai sai ya yi mini jaje."

"To, ruwan fa?"

"Famfon gidan nan ne ke wasa da mu."

Shehu bai yarda ba. Ya koma ofis ya kasa aiki, sai ganin yaron yake yi a tsakiyar ruwa, iska na wulli da shi. Ƙwace kwalekwalen ba zai yiwu ba, shi kaɗai ya rage wa yaron. Kai ƙara kuwa, kai shi hannun hukuma ne.

Ana nan sai Ghali da kansa ya kawo mafita. "Yaya, in kana da sarari a kwantenar Legas, a kai wa Inna shi. In ni ban je ba, ta shafa aikin hannuna." Shehu ya yi hamdala a ransa, ya ce sarari kam ko babu sai an yi.

Ranar lodi Ghali ya yi waya da safe, ya ce ba zai tsaya ba, 'yan sanda kan zagayo idan sun ga mota, zai laɓe wajen wani ɗan Maraɗi. Ya cire gorar, ya lulluɓe komai da tamfol har ƙasa. Shehu ya tsaya a titi yana nuna wa direba hanya, 'yan dako suka fito da kaya suna mita, wai katakon kirki ma bai kai wannan nauyi ba. Mai gidan, wata tsohuwa 'yar China, ta ja ƙofa ta kulle. A wajen lodi Shehu ya sa aka jera katan-katan na tufafi har bakin kwantena, ya rufe da hannunsa. Rabonsa da numfashi mai daɗi irin na ranar har ya manta.

Da yamma wayar Ghali ba ta shiga. Washegari ma haka. Ɗan Maraɗin ya rantse bai gan shi ba. Shehu ya ce shi ke nan, an kama yaro. Ya bi masu yi wa mutane tafinta a wajen hukuma, ya bi asibitoci, ya tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a yana nuna hotonsa a waya. Amsa ɗaya ce, da Hausa ko da yaren gari: meyo, babu. Yayan Ghali, aminin nasa, na ta kira daga Yawuri, Shehu ya rasa bakin ɗagawa. Ana cikin haka kamfani ya sanar cewa jirgin kaya ya bar tasha tuni, ya yi nisa a teku, amma wa ke ta kaya?

Daga ƙarshe ya roƙi tsohuwar ta buɗe masa ɗakin, ko zai ga abin da zai kama.

Ɗaki wayam, sai garin katako. Babu jarka ko ɗaya, babu dabino. Sai ya tuna dogon akwatin nan mai huji, da mitar 'yan dako kan nauyi. A gefen inda kwalekwalen ya tsaya akwai ɗan bencin da ake takawa a hau, a gindinsa kuma ga takalman Ghali ƙafa biyu a jere, an cire su a natse, yadda mutum ke cirewa a bakin ɗaki idan zai shiga ya kwanta.