Amsa Ɗaya a Takarda Arba'in

Malamar da aka turo duba jarrabawa ta dire takardun a teburin ɗakin gwaji, tsakanin kwalaben asid. Malamin kemistiri, wanda zai aure ta wata mai zuwa, ya kasa ɗago kai.

"Ɗalibai arba'in," ta ce, "kowa ya ɗiga asid da hannunsa har ruwan ya sauya launi, kuma kowa ya samu ashirin da huɗu da rabi cif? Ko ni da kai ba ma dacewa haka."

"Ni na kuskure wajen haɗa ruwan," ya ce a hankali. "Da na ƙyale su, duk faɗuwa za su yi. Sai na rubuta musu amsar a allo."

Ya dubi zoben da ke yatsanta.

"Ki rufa min asiri. Aikina ne zai tafi."

Ta daɗe tana kallon allon da aka goge, idonta ya ciko.

"Tun safe na miƙa rahoton, Malam. Na zo ne ka ji daga bakina."

Rabonta da kiransa Malam shekara biyu ke nan.