Barcin Tarwaɗar Uzairu

Uwar tarwaɗa ta huɗu ke nan da ta yi barci a hannun Uzairu ta ƙi farkawa.

Ba yau ya fara ba. Shekara shida yana ƙyanƙyasar kifi a bayan gidansu, can wajen Dawakin Tofa. Sai ya ɗebi ruwa a shuɗin duro, ya ɗiga man kanumfari, uwar ta yi laushi, ya matse ƙwan, ya mayar da ita ruwa ta farfaɗo. Amma tun bayan Sallah abin ya rikice. Ɗigon da ya saba ba ya kama su, in ya ƙara kuma sai barcin ya zarce. Saura uwa ɗaya tak. In ta tafi, sana'ar ta tafi.

Ya kai ruwan wurin Sadiya, wata malamar gona da ta karanci kiwon kifi. Ta gwada, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Malam Uzairu, gishiri ne, kuma gishiri yana canza yadda maganin ke kama kifi. Ruwan rijiyarka lafiya lau. A duro ake zubawa."

Ake zubawa! Uzairu bai yi dogon tunani ba, dama can ba halinsa ba ne. Waye in ba Abdulƙadir ba, maƙwabcinsa kuma abokinsa tun na ƙuruciya? A bana ya gina nasa kwamin kifin. Shi ne kuma ranar Sallah ya tsaya a gaban mutanen gida yana cewa, "Kai, kifi kamar jarirai!" ba ko tubarkalla. Ga katangar da ke tsakaninsu damina ta cinye rabinta.

Uzairu ya daina amsa gaisuwarsa. A masallaci ya canza sahu. Aka yi suna a gidan Abdulƙadir, ya ƙi leƙawa. Abin yana cin ransa ƙwarai, amma fushi ya fi ƙarfi.

Ranar Talata ya ce kasuwar Dawanau za shi. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, Inna Hure, ta yi masa addu'ar tsari kamar kullum. Ya fita, ya zagaya, ya laɓe cikin dawa da gora a hannu, idonsa kyam a kan katanga.

Hantsi ya ɗaga. Katanga shiru. Sai ya ji murfin duro ya yi ƙara a gefensa.

Ya zabura da gora a sama, ya tsaya cak.

Inna Hure ce, ƙullin gishiri a hannu, leɓunanta na motsi. Ta ƙarasa tofinta a natse kafin ta dube shi.

"Au, ba ka tafi ba? Tun ranar Sallah nake tsare maka su daga bakin mutane. Amma bakin nan da ƙarfi yake, ɗan nan. Duk uwar da ta mutu, sai na ƙara damƙi ɗaya."