Butar Bayan Labule

Tunda ka ce gyaran kwamfuta za ka kama, har ka samu shago, to zauna in ba ka misali kafin ka rataya allon sunanka.

An yi wani mutum a wata kasuwa yana sayar da kwamfutoci irin na tafi-da-gidanka, yana kuma gyara su. Daga wani babban kamfani yake saro su, kowace da garantinta: in ta lalace da kanta a gyara kyauta, in kuwa ruwa ya shige ta garanti ya faɗi, mai ita ya biya daga aljihunsa. Shaidar ruwan wani ɗan farin ɗigo ne a can cikinta, bai fi ƙwayar dawa ba, da ya ji laima sai ya koma ja. Mutumin nan ya duba ya ga gyaran kyauta ba ya kawo cefane. Sai ya raba shagon da labule, ya ajiye buta a ciki. Duk wanda ya dawo da kwamfuta sai mai shagon ya shige da ita bayan labulen, ya kwance ta, ya tsoma yatsa a buta ya dangwala wa ɗigon, sannan ya fito da fuskar jimami ya nuna ja. Ba ya rantsuwa, ba ya ɗaga murya, sai dai ya ce, “Ga shi nan, ido ya gani.” Kuma don kada wani ya tambayi abin da buta take yi a inda ake gyaran kayan wuta, sai ya daina alwala a bakin shago tare da maƙwabtansa, ya koma yin ta a bayan labulen, taga a rufe. Har yabonsa ake yi, wai bawan Allah ne mai ɓoye ibada.

Cikin waɗanda ya yi wa haka akwai wata malamar makaranta da ta sayi tata da kuɗin adashi. Ta rantse ko zufa ba ta taɓa ɗiga a kanta ba, ya nuna mata ja, ta biya kuɗin gyara. Da ta koma gida sai zarginta ya faɗa kan mahaifiyarta, tsohuwar da ta saba yayyafa ruwa a ɗaki kafin ta yi shara. Ranar ta faɗa mata maganar da ɗa ba ya faɗa wa uwa. Tsohuwar ba ta musa ba, ta jingine tsintsiyarta, ba ta sake taka ɗakin ba. Duk cikin labarin nan wannan ya fi ci mini rai, domin kuɗin gyara ana biya a manta, amma wancan ba na jin ya gyaru.

Ana nan kasuwa ta buɗe masa, zuciya ta ƙara faɗi. Ya sayar da gonarsa ta gado, ya haɗa da jarinsa kaf, ya saro kwamfutoci masu yawa ana dab da damina. Ina zai ajiye su? Sai bayan labule, tunda nan ne kaɗai ba mai shiga. Ya jera kwalayen a ƙasa, kan simintin da ruwan alwala ba ya bari ya bushe. Damina ta sauka, iska ba ta ratsa ɗakin, laima ta yi ta hawa kwali bayan kwali ba wanda ya sani. Ashe kuma kayan sun zo da aibu tun daga inda aka ƙera su, kana kunnawa su ɗauke. Kamfani ya amsa laifinsa, ya ce duk mai irinsu ya dawo da su a canza masa. Mutumin ya ɗauki nasa ya kai musu hankali kwance, don ya san wannan karon gaskiya tana hannunsa. Aka kwance ta farko a gabansa, ja. Aka kwance ta biyu, ja. Haka aka bi su har ta ƙarshe.

Wanda bai taɓa rantsuwa ba, ranar ya rantse har muryarsa ta dushe, ya ce ko ɗigo bai zuba musu ba, kuma da gaske bai zuba ba. Wakilin kamfanin ya bar shi ya gama, sannan ya ce, “Ai kai ka sha gaya mana duk kwamfutar da ta dawo hannunka ruwa ta sha. Ba mu taɓa musa maka ba. Ga shi nan, ido ya gani.” Mutumin ya dawo kasuwa yana neman wanda zai shaide shi cewa wurin ajiyarsa busasshe ne. Maƙwabta suka ce su ba za su yi shaidar abin da ba su gani ba, ba wanda ya taɓa ɗaga labulen nan. Garanti ya faɗi, kuɗin gyara ya fi ƙarfinsa, gona kuma ta riga ta tafi. Da wanda ya karɓi shagon bayansa ya cire labulen, ba abin da ya tarar sai ruɓaɓɓun kwalaye da buta.

To kai ma za a kawo maka kayan da mai su ba ya iya ganin cikinsu, abin da ka faɗa shi zai tafi da shi gida. Ka ajiye butarka a bakin ƙofa inda kowa yake gani. Hausawa sun ce, tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.