Kwamfutar Aro

Karo na huɗu ke nan mai zanen gini yana buga umarnin shiga rukuni a baƙin allon kwamfutar, karo na huɗu kuma amsa ɗaya ke fitowa:

"An hana. Nan ba gidan 'yan cin arziki ba ne, ka ji ko?"

Ya daki tebur har shayi ya fantsama. Shi za a gaya wa haka? Shi fa ya kafa rukunin, inda abokan sana'a ke musayar zane daga kwamfuta zuwa kwamfuta, kafin ya miƙa ragamar ga wani abokin aikinsa.

Jiya tasa kwamfutar ta ƙone ƙurmus, da zanen asibitin da ya ci masa wata biyar. Kwafin da ya rage yana cikin rukunin. Ƙarfe sha biyu masu kwangila za su iso, in babu zane aiki ya koma hannun wani.

Wannan tsohuwar kwamfutar kuwa, matarsa ce ta kawo ta da safe. "Aro na yi," ta ce, idonta a ƙasa. Bai tambayi a ina ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ya sake bugawa. An hana. Sha ɗaya da rabi.

"Ko za ka kira ƙaninka?" matar ta ce daga bakin ƙofa. "Ya san kan waɗannan abubuwan."

"Shekara shida ban nemi yaron nan ba, ba yau zan fara ba. Kar ki ƙara ambata min shi, kin ji ko?"

Ya fizgi waya ya kira abokin aikin. Ko gaisuwa babu.

"Wane mara kunya ne ya toshe ni? Wallahi in na gano wanda ya rubuta zagin nan, sai ya gane kurensa!"

"Sannu, Yallaɓai. Rukuni ba mutum yake ganewa ba, lambar kwamfuta yake ganewa. Karanto min ita."

Ya karanto yana huci. Daga can ɓangaren sai ƙarar madannan kwamfuta.

"Zan buɗe maka yanzu," abokin ya ce a hankali. "Amma lamba ɗaya tak aka taɓa toshewa a rukunin nan, kuma kai ka toshe ta, kai ka rubuta zagin, shekara shida ke nan. Yallaɓai, kwamfutar ƙaninka ce a gabanka."