Katin Baraka

Ranar Talata ake sakar wa layin gonar Sallau ruwa daga kanal. Wannan Talatar bai tsaya ba. Ya bar tumatir da ƙishirwa, ya riƙo hannun yarinyar, suka hau motar Bunkure zuwa Kano. Katin asibiti yana aljihun gaba, a naɗe cikin leda.

Shekara biyu katin nan yana jira. Asibitin yara ne na 'yan agaji, suna da reshe a nan da wasu garuruwa uku. Ba a karɓar ko sisi. Amma likitocin da ke ɗinke tsagaggen leɓe sau ɗaya suke zuwa a shekara, kuma da layi suke aiki. Wanda ba shi da kati sai ya ba da suna, ya koma gida ya jira shekara biyu ko uku. Makon jiya aka aiko cewa layi ya zo kan Baraka Sallau.

Matarsa Hawwa'u ba ta zo ba. Ta ce ƙafarta ba za ta sake taka wurin ba. Saloma ce ta biyo su, matar da ke masa tsinkar tumatir tun rasuwar mijinta. Ta zauna kujerar baya da jarkar kunu a cinya. Da suka isa ta tsaya bakin ƙofa, don mutum ɗaya ake bari ya shiga da yaro.

Suka zauna a benci tun hantsi har aka kira azahar. Yara na kuka, iyaye na gyangyaɗi. Sallau bai yi wa yarinyar magana ba, ita ma ba ta yi masa ba.

"Baraka Sallau!"

Yarinyar na wasa da gyalen da ta rufe baki. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai da ya taɓa kafaɗarta suka tashi.

Nas ɗin da ke bakin tebur, Sista Bernice, ta karɓi kati ba ta dube shi ba.

"Baba, yaya sunanta?"

"Yana nan a rubuce."

"Na san da rubutu. Daga bakinka nake so in ji."

Sallau ya mai da ido kan bango. Wata tsohuwa a benci ta tuntsire da dariya.

"'Yar fari ce, Sista. Ko yanka shi za ki yi ba zai faɗa ba."

"Ku da kunyar nan taku," in ji Sista Bernice. "Har a asibiti?"

Ta ɗora yarinyar a ma'auni. Kilo goma sha huɗu. Ta buɗe fayil, ta sake duba ma'aunin.

"Shekara biyu da suka wuce ma sha huɗu ne. Ba ku ba ta abinci?"

"Muna ba ta. Ta hanci yake dawowa."

Likitan saurayi ne, idonsa ja don gajiya. Yara arba'in ya gani tun safe. Ya janye gyalen a hankali, ya haska bakin da ƙaramar fitila, sannan ya koma kan takarda. Ya daɗe a kai.

"A nan an rubuta tsagar a hagu take. Wannan a dama."

Sallau ya gyara zama.

"Baba, in takarda ba ta dace da yaro ba, doka ta ce sabon rajista. Ka san kuwa layin."

Ya san layin. Ya fi likitan saninsa.

"Likita, ni a aji uku na tsaya," in ji shi. "Amma ga ni, ga ka. Hagunka ai damata ce. Shi wanda ya rubuta, ta ina ya tsaya?"

Likitan ya dubi Sista Bernice. Ita kuwa yarinyar take kallo, daga kitson kanta har zuwa takalmin roba.

"Akawun wancan lokaci ya sha yin haka," ta ce. "Shi ya sa aka sallame shi."

Likitan ya soke hagu, ya rubuta dama.

"Gobe da safe. Yau za ta kwana nan. Dangwala a nan, wajen uba."

Sallau ya sa babban yatsa a tawada. Ya riƙe shi a sama har Sista Bernice ta yi gyaran murya. Sannan ya danna.

Wata nas ta fito daga ɗakin yara da 'yar riga shuɗiya a hannu.

"Baraka, zo mu je."

Yarinyar ta dubi Sallau. Ya gyaɗa mata kai. Ta ce "Na'am," muryar na fita ta hanci, ta bi matar. Sallau ya kau da fuska, ya daɗe yana goge tawada a gefen rigarsa.

A bakin ƙofa Saloma na tsaye inda ya bar ta, kunun bai ragu ba.

"An karɓa," in ji shi. "Gobe za a yi."

Ta zube a gwiwa. "Baba, Allah ya..."

"Tashi, mutane na kallo. Na gaya musu ke za ki zauna jinya. Ki iya bakinki. Kada ki kira 'yarki Joanna sai kun fito ƙofar nan."

Ya miƙa mata ledar, ya kama hanyar tasha a ƙafa, yana neman yadda zai gaya wa Hawwa'u cewa yau an kira sunan 'yar da suka binne daminar bara, kuma an amsa.