Na'urar da Ta Yi Shiru

"Mama, ba kin ce abin nan yana ihu in gas ya tsiyaya ba? Me ya sa bai yi ba?"

'Yata ce ta tambaya daga gadon asibiti, da robar numfashi a hancinta. Na koma gida, na ɓalle na'urar daga bangon kicin, na nufi shagon wanda ya sayar min.

Na dangwara masa ita a tebur. "Macuci! Saura ƙiris ka kashe min 'ya da wannan tarkacen!"

"Baiwar Allah, bari mu gani."

"Ka ga me? Ni na ga 'yata a sheme kusa da tukunyar gas!"

Ya kwance na'urar, ya nuna min wani ɗan baƙin tangaran kamar ƙwayar wake. "Wannan shi ne hancinta." Ya matso da laita, ya sakar masa gas bai kunna wuta ba. Ihun na'urar ya cika shagon.

Sai ya juya murfin, ya sa farce ya ɓare wani tsohon salatif daga ƙofofin iska.

"Wa ya liƙa wannan?"

Na gane shi. Da haƙorina na yanke shi, ranar da ƙarar ta tayar min da jariri sau uku ina girki.

Ke mai karatu, in taki ta dame ki da ihu, kashe gas, buɗe taga, fitar da yara. Kada ki toshe mata hanci.